Makamashi daga dalma da ruwa: ina ribar jahar Tawa?

A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasa daga can take zuwa. Garin Tawa ya sha duhu, masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka koma ga gazuwal mai tsada. An maido da wutar a watan Maris na 2024, amma tun daga lokacin duk labarin sabon makamashi yana samun masu saurare. Ɗaya daga cikin labaran nan shi ne na fitar da iskar idirojen daga alminiyon da ruwa.

Alminiyon shi ne farin ƙarfen nan marar nauyi da masu zubin tukwane ke kira dalma. Idirojen kuwa iska ce mai cin wuta, wadda in ta ƙone ruwa ne kawai ke saura. Ruwa haɗin iska biyu ne, idirojen da oksijen. Dalma tana da kwaɗayin oksijen ƙwarai: in ta gamu da ruwa sai ta fizge shi, idirojen ta fita ita kaɗai. Abin da ya hana tukunyar tuwo narkewa shi ne wata fata siririya da ke rufe ƙarfen da zarar iska ta taɓa shi. Aikin masana duka shi ne kawar da wannan fata.

A 2007, Jerry Woodall na jami'ar Purdue a Amurka ya nuna cewa wani ƙarfe mai suna galiyom yana hana fatar kamawa. A 2024 masanan makarantar MIT suka gwada dabarar da ruwan teku, suka kuma maido da galiyom ɗin don sake aiki da shi. Maganar gaskiya ce, ba rufa-ido ba ne. Saura lissafi.

Kilo 1 na dalma yana cin ruwa lita 2 a ƙalla, ya ba da idirojen giram 111. Ƙarfin da ke cikin wannan iska bai kai kilowat-awa 4 ba, irin wanda kontar NIGELEC ke ƙidayawa, wato bai kai na rabin litar esansi ba. Akwai kuma zafi kimanin wannan adadi da ke tashi wajen haɗin. To, amma kafin a sami kilon nan daga ƙasar da ake haƙowa, sai masana'anta ta ci wajen kilowat-awa 14. Ashe dalma ba rijiyar makamashi ba ce, rumbu ne: abin da aka zuba a ciki shi ake ɗiba, har da ragi. Shi ya sa masana'antar VALCO ta Tema, a Gana, ba ta fara aiki ba a 1967 sai da madatsar Akosombo ta tsaya. Nijar ba ta da irin wannan masana'anta, galiyom kuma kusan dukansa daga ƙasar Sin yake fitowa, wadda ta sa ƙa'ida a kan fitar da shi tun 2023.

Masu goyon bayan dabarar sukan ce ai da tarkace za a yi, gwangwanayen lemo da tsofaffin kayan mota. A Tawa tarkacen nan suna da mai su. Yara na tsintowa, maƙera na narkarwa su zuba tukwane da ludaya da madambata, a kai su kasuwannin Abalak da Cintabaraden. Narkar da tsohuwar dalma ba ya cin fiye da kashi 5 cikin 100 na abin da sabuwa ke ci, tukunyar kuma ta yi shekaru bisa murhu. Wanda ya mai da ita iska ya ƙone sana'ar mutane don tafiyar babur ta ƴan kilomita. An sayar da akuya ke nan don a sayi igiya.

Sai maganar haɗari. A ƙasashe da dama masu sayar da balan-balan suna haɗa tarkacen dalma da soda cikin tulun ƙarfe don su sami iskar, kuma tulunan sun sha fashewa. Idirojen ba ta da launi, ba ta da wari, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Ya kamata malaman makaranta da masu unguwa su ja kunnen samarin da ke kwaikwayon abin da suka gani a wayar salula.

Idirojen mai arha tana nan, amma ta wata hanya. A ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, masu haƙar rijiya sun ci karo da ita a ƙarƙashin ƙasa a 1987, kuma a 2012 aka fara ba ƙauyen wuta da ita. Can ba wanda ya biya kuɗin yin iskar, tonowa kawai aka yi.

Ita jahar Tawa abin da ke hannunta sananne ne. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, an buɗe ta a 2018. Gawayin ƙasa na Salkadamna, arewa maso yamma da Tawa, an aza harsashin tasharsa mai megawat 600 a 2014, amma shekara goma bayan haka ba ta ba da wuta ba. A arewacin Adar, inda rijiyoyi ke da zurfi, famfo mai aiki da rana yana ɗaga ruwa ba tare da an sayo ko giram ɗaya na wani ƙarfe ba. Duk ma'aikacin da aka kawo wa takardar wani shiri na idirojen, tambaya uku ta ishe shi: ina dalmar za ta fito, wa ya biya wutar da aka yi ta da ita, nawa kilowat-awa ɗaya zai kama a ƙauye?