Shafin Da Ya Buɗe A Randagi Zai Buɗe A Ko'ina

 Kafin mu shiga darasin wannan mako, muna so kowa ya yi wani ɗan gwaji. A ɗauki waya, a buɗe Google, a rubuta "Randagi" ko "Birnin Gwari", sannan a duba abin da zai fito. Mun gwada, kuma akasarin abin da muka tarar labarin hari ne da garkuwa da mutane da batun sulhu.

Ba ƙarya aka yi ba, an sha wuya a yankin. To amma Randagi ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Birnin Gwari, gari ne mai manoma da 'yan kasuwa da malamai da ɗalibai kamarku. A wannan masarauta ne Dajin Kamuku yake, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999. Ina labarin masara da dawar da ake nomawa? Ina tarihin garuruwan? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma idan mai ɗakin ya yi shiru, baƙo ne zai ba da labarin ɗakin.

Yadda Google ke zaɓen abin da zai nuna

Injin bincike bai san Randagi ba, bai taɓa shan ruwanta ba. Yana da wasu manhajoji da ke yawo daga shafi zuwa shafi dare da rana, suna karantawa suna adanawa a wani katafaren rumbu. Da ka rubuta tambaya, sai ya duba rumbun ya jero maka amsoshi. Daga cikin abubuwan da yake la'akari da su akwai ko kalmomin shafin sun dace da tambayar, da ko wasu amintattun shafuka suna nuni zuwa gare shi, da kuma ko yana buɗewa da sauri a waya. Gyara shafi don ya cika waɗannan sharuɗɗa shi ne sana'ar da ake kira SEO, kuma akwai masu cin abinci da ita.

Tun watan Afrilun 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke karantuwa da kyau a waya. Zuwa 2023 ya sanar da cewa ya kammala komawa ga auna shafuka da yadda suke a waya, ba yadda suke a kwamfuta ba. Daga 2024 kuma ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, ta yadda mutane da yawa ba sa ma shiga shafukan da ke ƙasa. Wannan amsa daga abin da aka riga aka rubuta ake tatso ta. Ke nan garin da 'ya'yansa ba su rubuta komai a kansa ba, na'ura za ta yi ta maimaita abin da wasu suka faɗa a kansa ne kawai.

"Ni manhaja nake so in haɗa"

Duk lokacin da muka yi wannan magana da matasa, amsar da muke ji ke nan. Buri ne mai kyau, amma mu san kasuwar kafin mu ɗauki kaya. Manyan kasuwannin manhajoji guda biyu ne. Kamfanin Apple ya buɗe App Store a watan Yulin 2008. Google ya buɗe tasa a watan Oktoban wannan shekara da sunan Android Market, aka sauya mata suna zuwa Google Play a 2012. Mai son baje manhajarsa a Google Play zai biya Dala 25 sau ɗaya, a App Store kuwa Dala 99 ce duk shekara. Sabon mai rajista a Google Play ma sai wasu mutane sun gwada manhajarsa na tsawon kwana 14 kafin a bar shi ya fitar da ita ga jama'a. Bayan duk wannan, manhajarka za ta shiga cikin miliyoyin wasu, kamar allura a cikin ruwa.

Yanzu mu koma ga wanda aka yi dominsa. Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu su ne Tecno da itel da Infinix, kuma da yawansu ƙananan samfuri ne da wurin ajiyarsu ke cika da wuri. Wa bai taɓa goge hotunan biki don ya samu wurin sauke manhaja ɗaya ba? Ga kuɗin data. Shi ya sa a wajenmu ainihin kasuwar manhajoji ita ce Xender: ɗaya ya sauke a inda sabis ke da ƙarfi, sauran su kwasa daga wayarsa. Manyan kamfanoni ma sun gane haka. Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015, wadda a lokacin nauyinta bai kai megabait ɗaya ba, domin masu ƙaramar waya da raunin sabis.

A nan akwai gargaɗi. Manhajar da aka turo maka daga waya zuwa waya, ba ka san hannun da ta ratsa ba. Ko ta cikin kasuwar ma sai an lura. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta ɗauki mataki kan wasu manhajojin ba da bashi da ke kwashe lambobin da ke wayar mutum, su riƙa aika wa danginsa saƙon cin mutunci idan ya makara wajen biya. Don haka idan manhajar tocila ta nemi izinin ganin lambobinka da saƙonninka, ka tambayi kanka me ya haɗa haske da lambar kawunka.

Shawararmu ita ce a fara da shafin intanet. Ba ya buƙatar saukewa, ba ya cin wurin ajiya, yana buɗewa a kowace irin waya mai intanet, kuma injin bincike yana iya karanta shi.

Shafi ɗaya, fuska daban-daban

A 2010 wani mai zanen shafuka ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya yaɗa wata dabara da yanzu ta zama ruwan dare: a gina shafi ɗaya da zai riƙa daidaita kansa da faɗin fuskar na'urar da aka buɗe shi. A kwamfuta ya baje layi uku, a waya ya tattaru ya zama layi ɗaya. Kamar ruwa ne, duk mazubin da aka zuba shi sai ya ɗauki siffarsa. Da HTML da CSS ake yin wannan, kuma ɗalibin sakandare zai iya koyon tushensu a hutu ɗaya.

Sai dai daidaita faɗi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne nauyi. Mu yi lissafi. Rubutu zalla mai kalma 1,000 bai wuce kilobait 6 ko 7 ba. Hoto ɗaya da aka ɗauka da waya kan kai megabait 3, wato kilobait 3,000. Ke nan hoto guda ya kai nauyin irin wancan rubutu sama da 400. Idan aka rage girman hoton zuwa kilobait 100 kafin a ɗora, a fuskar waya ba za a ga wani bambanci ba. Google na ɗaukar shafi a matsayin mai sauri idan babban abin da ke cikinsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

A ce wata ɗaliba ce a ƙauye, ta ari wayar yayanta, ta tsaya a inda sabis ke kamawa, tana son ganin ranar rufe rajistar wata makaranta. Shafin ya fara da bidiyo mai kunna kansa, da hotunan shugabanni masu juyawa, sanarwar kuma an ɓoye ta a cikin PDF mai nauyi. Kafin ta kai ga ranar, data ta ƙare. Mai zanen yana ofis yana ganin ya yi aiki mai kyau, ita kuwa tana iya rasa shekara guda.

Mutanen Birnin Gwari sun san darajar sabis fiye da kowa. A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro, ciki har da Birnin Gwari, sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin dawo da su. Wanda ya rayu a wannan lokaci ba sai an koya masa amfanin abin da za a iya saukewa sau ɗaya a karanta ba tare da sabis ba. Wannan sani jari ne, kuma mai zanen da ke zaune a inda intanet ba ta yankewa ba shi da shi.

Aikin gida

Muna ba ƙungiyoyin 'yan jarida da na kwamfuta na makarantu wannan aiki, ko a Randagi kuke ko a Kakangi ko Kuyello ko Funtuwa.

Na ɗaya, ku zaɓi abu guda da kuka sani: tarihin kafuwar garinku daga bakin dattawa, ko yadda ake adana masara, ko sunayen itatuwan dajinku da amfaninsu. Ku rubuta da Hausa mai kyau, malami ya duba.

Na biyu, ku ɗora a dandali na kyauta kamar Blogger ko WordPress. Ku sa kanun da mutum zai iya nema. "Garinmu Abin Alfaharinmu" ba ya gaya wa injin bincike komai, amma "Tarihin Randagi Ta Birnin Gwari" ya faɗi komai. Ku yi amfani da ƙ da ɗ da ɓ, suna nan a allon rubutu na Gboard idan aka zaɓi Hausa.

Na uku, ku rage nauyin hotuna, ku sa rubutu mai girman da za a karanta ba tare da an ja fuskar waya ba. Ku auna shafin a PageSpeed Insights, kyauta ne. Sannan ku yi gwajin da ya fi wannan: ku nemo wayar da ta fi kowacce tsufa a ajinku, ku buɗe shafin a inda sabis ya fi rauni.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, ku kiyaye. Ko da yake an samu sauƙi tun bayan sulhun ƙarshen 2024 da ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, kada ku rubuta sunan mai dukiya, ko hoton gidan wani, ko lokacin da motocin kasuwa ke tashi, ko inda jami'an tsaro suke. Kada ku ɗora hoton kowa sai da izininsa. Abin da ya shiga intanet ba masoyi kaɗai ke karanta shi ba.

Kada ku yi tsammanin ganin shafinku a sama gobe da safe. Injin bincike kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya gano sabon shafi, amma sannu ba ta hana zuwa. Duk ƙungiyar da ta kammala ta aiko mana da adireshin shafinta, za mu buɗe shi da ƙaramar waya mu faɗi abin da muka gani. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu rubuta shafin farko na HTML tare, layi bayan layi. Mu kwana nan.