Wannan Ba Tahamisi Ba Ne, Malam

Malam, ka rubuta cewa matasanmu na Kalgo masu ɗora muryar Ɗanƙwairo a kan kiɗan kwamfuta tahamisi suke yi, irin na magabata. Haba! A Gwandu za ka faɗi haka?

Mai tahamisi yana ƙara layi uku nasa a kan kowane baiti mai biyu, da karin waƙar, da amsa-amon da ya dace, kuma ya ambaci mai ita. Haka Malam Abdullahi Fodiyo ya yi wa waƙar yabon Annabi ta Shehu Usmanu, ya adana ta cikin Tazyinul Waraƙati.

Yaran nan me suka ƙara? Sun shafe kotson, sun datse amshin, sun manna sunansu. Raina ya ɓaci da na ji ɗana yana rantsuwa waƙar tasu ce.