Tsohuwar Motar Ƙasaita: A Duba Lambar Shasi Kafin A Biya

A garin Bauchi, kamar sauran manyan garuruwan Arewa, da wuya a rasa gida ko gareji da aka jingine wata tsohuwar motar ƙasaita, ƙura ta lulluɓe ta, tayoyinta sun kwanta. Kowace irin wannan mota kuwa tana da labarinta a bakin dillalai: wannan ta wani Sarki ce, waccan wani minista ya shigo da ita a Jamhuriya ta Farko. Idan ciniki ya yi tsauri, sai a jingina ta ga marigayi Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, tunda kabarinsa yana cikin garin. Ra'ayina shi ne kada ɗan kasuwa ya biya ko kwabo a kan labari, sai a kan abin da ƙarfe da takarda suka tabbatar.

Ba wai tarihi ba ya ƙara wa mota daraja ba ne. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, kuma abin da ya bambanta ta da dubban irinta shi ne babu mai shakkar ko ta wane ne. Tabbacin shi ne kuɗin, shi ya sa ake ƙirƙirarsa.

Alal misali, a ce mutum ya tarar da mota ƙirar jif, siffarta sak Marsandi samfurin G, amma maimakon tauraro tambarin Puch ne a gabanta. A Bauchi abu ne mai sauƙi a ce masa ai a nan aka harhaɗa ta, domin masana'antar Steyr da aka kafa a garin a shekarun 1970 haɗin gwiwa ce da kamfanin Steyr-Daimler-Puch na ƙasar Ostiriya. Wani kuma ya ce jabu ce, ya karya mata farashi. Duka biyun kuskure ne. Abin da aka san masana'antar Bauchi da shi shi ne taraktoci da manyan motocin ɗaukar kaya. Ita kuwa wannan jif, tun 1979 ake ƙera ta a birnin Graz na Ostiriya, kuma har zuwa shekarar 2000 da sunan Puch ake sayar da ita a ƙasashe irin su Ostiriya da Suwizalan. Saboda haka tambarin yana nuna kasuwar da aka fara sayar da motar ne kafin ta zo hannunmu.

Sitiyari ma shaida ne, ko da yake ba cikakke ba. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka motar da aka ce an saye ta sabuwa a nan a 1960 ya kamata a ce da sitiyarin dama ta fito. Idan makaniki ya juya shi daga baya, lambar shasi ba ta ɓoye wannan. A tsofaffin Marsandi, lambobi uku na farko suna nuna samfuri, kamar 100 ga Marsandi 600 wadda guda 2,677 kacal aka ƙera tsakanin 1963 da 1981, lamba ta bakwai kuma 1 ce ga sitiyarin hagu, 2 ga na dama. Kamfanin yana riƙe da katin bayanan motocinsa, mai nuna launin fenti na asali da lambar inji. Daga wajajen 1981 aka koma lamba mai gurbi 17, inda WDB ke nufin Marsandi, SCA kuma Rolls-Royce.

Batun Rolls-Royce ya fi rikitarwa. Samfurin Silver Wraith na 1946 zuwa 1958 shasi da inji kawai kamfanin ke yi, bodin kuma sai maƙera irin su Hooper, Park Ward ko H.J. Mulliner su ɗora gwargwadon son mai saye. Shi ya sa motoci biyu masu suna ɗaya ba sa kama da juna, kuma rashin kamar ba alamar jabu ba ce. Ƙungiyar masu sha'awar Rolls-Royce ta Ingila tana da takardun ƙirar da ke nuna wanda ya fara yin odar mota.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar magada. Wasu sukan miƙa motar ga 'yan gwangwan a auna ta a sikeli, wasu kuma sukan kai ta wurin mai fenti ya ɓamɓare farantin lambobi, ya sauya inji, da nufin ta yi kyau. Tsofaffin takardun kwastan, rasidin saye da littafin rajista kuwa ana barin su ga gara. Mai saye daga waje waɗannan zai fara tambaya, kuma idan babu su farashin ƙarfe zai taya.