Tausayin Kwana Uku Ba Ya Maganin Ciwon Gaɓoɓi

Wani ra'ayi ya kafu a tsakanin masu amfani da kafofin sada zumunta a arewacin Najeriya, har ya kai matsayin da ba a cika tuhumarsa ba, wato cewa neman gudummawa ta intanet ita ce hanya mafi inganci ta ceton talaka marar lafiya a wannan zamani, kuma duk wanda ya nuna shakku a kanta to ko dai marowaci ne ko mai ƙeƙasasshiyar zuciya. Tsarin sananne ne: a ɗora hoton majinyaci a Facebook ko WhatsApp, a rubuta adadin kuɗin da asibiti ya nema, a sa lambar asusun banki, sannan a roƙi jama'a su taimaka ko su yaɗa. Niyyar mafi yawan masu bayarwa kyakkyawa ce, amma kyawun niyya bai isa ya mayar da gurguwar hanya ta zama ingantacciya ba. Idan aka auna wannan hanya da ciwon gaɓoɓi, kamar yadda yake cin manoma da tsofaffin mata a ƙaramar hukumar Garki ta masarautar Ringim da sauran karkarar Jigawa, za a ga cewa ta gaza a daidai inda aka fi bukatarta, kuma yabon da ake yi mata yana shagaltar da jama'a daga gina abin da zai dawwama.

Abin da ake kira amosanin gaɓoɓi, wanda mutanen karkara suka fi sani da sanyin ƙashi, suna ne da ya tattara cututtuka da dama. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne wanda ke zuwa ta hanyar zaizayewar guringuntsi, wato laushin nan da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa a mahaɗarsu domin kada su goga juna, kuma ya fi kama gwiwa da ƙugu da yatsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 528 ke fama da shi a duniya, mafi yawansu mata ne da waɗanda suka haura shekara 55. Na biyu, wanda likitoci ke kira rumatoyid, yana faruwa ne idan garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ta juya tana kai wa gaɓoɓin mai ita hari, sai su kumbura, su yi zafi, a hankali su karkace. Kimanin mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi a shekarar 2019 ɗin, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne. Akwai kuma lalacewar ƙugu da ke samun masu sikila, lokacin da jini ya kasa isa kan ƙashin cinya har ya mutu, matsalar da ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Abin da ya haɗa yawancin waɗannan cututtuka shi ne cewa ba a kawar da su da aiki guda, ana lallaɓa su ne shekara da shekaru, da magani da motsa jiki da gwajin jini da komawa wurin likita a kai a kai.

A ƙauyukan Garki, inda rayuwa ta dogara kan noman gero da dawa da riɗi, gaɓoɓi su ne jarin mutum. Matar da rumatoyid ya kama takan tashi da asuba yatsunta a sandare, ta daɗe tana murza su kafin ta iya riƙe buta, daga baya taɓarya ta gagare ta, muciya ta gagare ta, har ta kai sai an ɗaura mata zani. Manomin da gwiwarsa ta zaizaye yakan fara rage kunyoyin da yake nomewa a yini, ya koma yin salla a zaune, daga ƙarshe ya ba da gonar aro ko jingina. Babu jini, babu ƙari da ya fito, babu ranar da za a ce yau abin ya faru. Iyali sukan ce tsufa ne, su ci gaba da harkokinsu, alhali abincin gida yana raguwa tare da ƙarfin gaɓoɓin mai nemo shi.

Wannan shirun da ciwon ke tafiya da shi shi ne ke fitar da shi daga kasuwar tausayi ta intanet. Kafofin sada zumunta an gina su ne a kan ɗaga abin da ya fi jan ido, domin manhajar tana tura wa mutane rubutun da aka fi taɓawa da yaɗawa, kuma abin da ke sa a yaɗa neman taimako abu uku ne: hoto mai tayar da hankali, adadin kuɗi ƙayyadadde, da wa'adi mai matsowa. Jaririn da ke bukatar aikin gaggawa yana da duka ukun. Tsohuwar da ke bukatar maganin wata-wata da kuɗin mota zuwa Dutse har tsawon rayuwarta ba ta da ko ɗaya, domin hotonta hoton tsohuwa ne a zaune a kan tabarma, bukatarta kuma ƙarama ce a kowane wata amma ba ta da ranar ƙarewa. Ciwon gaɓoɓi ba ya cancantar shiga wannan kasuwa sai ya kai matakin ƙarshe, lokacin da gaɓar ta lalace gaba ɗaya har likita a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ya ce sai an sauya ta da ta ƙarfe, aikin da kuɗinsa ke kai miliyoyin naira. A nan ne ake samun adadi da hoto da wa'adi. Ma'anar haka ita ce tsarin yana jiran abu ya ɓaci kafin ya motsa, yana tara miliyoyi domin gwiwa ɗaya, alhali wani ɓangare na kuɗin zai isa a kula da gwiwoyi masu yawa tun kafin su kai can.

Haka kuma wannan hanya tana raba taimako ne bisa yawan mabiya, ba bisa tsananin bukata ba. Kafin majinyaci ya bayyana a allon waya, dole a samu ɗan'uwa mai babbar waya da kuɗin data, wanda ya iya tsara rubutu, wanda kuma ya san wani mai dubban mabiya a Kano ko Dutse ko Abuja da zai yarda ya ɗora masa. Waɗanda ciwon gaɓoɓi ya fi yi wa illa, tsofaffin matan karkara da ba su yi boko ba, su ne mafi nisa daga wannan silsila, don haka duk lokacin da aka ce intanet ta buɗe wa kowa ƙofar taimako, ana faɗin abin da ya saɓa wa zahiri.

Wanda ba a gani ba kuwa ba ya zama haka kawai, yana neman sauƙi inda ya samu. Yakan je kemis ko wurin mai tallar magani ranar kasuwa, a haɗa masa ƙwayoyi kala-kala a ƙulla a leda ba tare da suna ba, waɗanda galibi suka ƙunshi masu kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen, wani lokaci har da sinadarin siteroyid irin dexamethasone, wanda ke kwantar da kumburi nan take. Sauƙin yana zuwa da wuri, shi ya sa ake komawa, amma shan masu kashe zafin na tsawon lokaci ba bisa kulawar likita ba yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, siteroyid kuma yana raunana ƙashi, yana tayar da hawan jini da ciwon sukari. Alhali akwai magani mai suna methotrexate da aka daɗe ana amfani da shi wajen rage wa rumatoyid gudu, wanda ake sha sau ɗaya a mako, kuma ba ya cikin magunguna masu tsananin tsada, sai dai yana bukatar likita ya tabbatar da cutar, a riƙa duba jini da hanta lokaci-lokaci. Abin da majinyaci ya rasa tsarin bibiya ne, wanda gudummawar dare ɗaya ba ta iya samarwa. Idan ƙodar ta gaza, a lokacin ne hotonsa zai fito ana neman kuɗin wankin ƙoda, jama'a su yi ta turawa, ba tare da an tambayi yadda aka kai nan ba.

Garki ta fi ko'ina cancantar fahimtar wannan darasi, domin sunanta yana cikin tarihin kiwon lafiya na duniya a kansa. Tsakanin 1969 da 1976, lokacin tana cikin jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike a ƙauyukanta kan zazzaɓin cizon sauro, inda aka yi feshin maganin sauro mai suna propoxur a ɗakuna, aka kuma raba wa jama'a magani gaba ɗaya a wasu ƙauyukan. Zazzaɓin ya ragu ƙwarai muddin aikin yana gudana, amma bayan an dakatar sai ya koma kamar yadda yake a da, kamar yadda Molineaux da Gramiccia suka bayyana a littafin da hukumar ta wallafa a 1980. Idan yunƙurin da ƙwararru suka tsara, da kuɗi da ma'aikata da kayan aiki, bai dawwamar da nasara ba saboda yana da ranar tsayawa, to babu dalilin zaton cewa yunƙurin kwana uku a Facebook zai yi maganin ciwon da ke rakiyar mutum har kabari.

Akwai kuma batun mutunci da amana. Addinin Musulunci ya fifita ɓoye sadaka da suturta mabukaci, amma wannan hanya tana tilasta wa majinyaci ya biya kuɗin magani da sirrinsa, a nuna fuskarsa da jikinsa da talaucin ɗakinsa ga dubban mutanen da bai sani ba, hoton kuma ya ci gaba da yawo bayan ya warke ko ya rasu. Kuɗin kuwa sau da yawa asusun mutum ɗaya suke shiga, babu kwamitin amintattu, babu mai binciken lissafi, babu ƙa'idar abin da za a yi da rarar da ta saura. Masu gaskiya a cikin masu wannan hidima suna da yawa, kuma su ne rashin tsari ya fi cutarwa, domin kowace damfara da aka bankaɗo tana rage yardar da jama'a ke yi wa na gaba.

Masu kare wannan hanya sukan kafa hujja da cewa ta ceci rayuka, kuma ko a Turai da Amurka ƙungiyoyin masu ciwon gaɓoɓi ta intanet suke tara kuɗi. Hujjar farko gaskiya ce a kan larurar gaggawa, kuma babu mai cewa a ƙyale wanda ke bakin mutuwa. Ta biyu kuwa kwatanci ne da bai dace ba. Gidauniyar Arthritis Foundation ta Amurka tun 1948 aka kafa ta, Versus Arthritis ta Birtaniya kuma ta samu ne a 2018 daga haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi biyu. Cibiyoyi ne masu rajista da ke fitar da lissafinsu duk shekara, kuma mafi yawan aikinsu bincike ne da wayar da kai da tallafa wa majinyata da shawara. A Birtaniya, hukumar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 1948 ita ke ɗaukar nauyin jinyar kanta. Intanet a wurinsu bututu ne da ke zuba ruwa a cikin randar da aka riga aka girke, a nan kuwa ana alfahari da bututun alhali babu randar.

Mafi munin illar wannan ra'ayi ita ce sauke wa hukuma nauyi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ta kuma tanadi asusu domin masu rauni, sannan jihar Jigawa tana da hukumarta ta kula da lafiya ta hanyar karo-karo, wato JICHMA. Jihar ma ta taɓa nuna cewa ta san amfanin tallafi mai ɗorewa, lokacin da ta fara biyan masu nakasa naira 7,000 duk wata a 2007. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. Ƙarfin da matasa ke kashewa wajen yaɗa lambar asusu, da an karkata rabinsa zuwa tambayar tsofaffi nawa aka yi wa rajista a Garki, da magungunan da ke cikin cibiyar lafiya ta mazaɓa, da ranar da mai gashin ƙashi zai zo daga Dutse, da ribarsa ta fi yawa.

Hanyar da ta dace ba baƙuwa ba ce ga al'ummar Musulmi. Asibitin da Sarki Nuruddin ya gina a Dimashƙa a 1154 da na Sarki Ƙalawun a Alƙahira a 1284 sun yi ƙarnuka suna jinya saboda waƙafi, wato dukiyar da aka tsayar da asalinta ana ciyar da amfaninta har abada. Bahaushe kuma ya san adashi da gayya, masarautun Jigawa suna da kwamitocin zakka da suka san unguwa da gunduma. Abin da Garki ke bukata shi ne asusu mai rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, mai amintattu daga malamai da ma'aikatan lafiya da wakilan mata, wanda 'yan asalin yankin da ke birane za su riƙa zuba masa ƙaramin kuɗi duk wata ta wayoyinsu, a kuma tsayar masa da gona ko shago a matsayin waƙafi. Aikinsa shi ne biya wa masu ciwon gaɓoɓi kuɗin inshora, da ɗaukar nauyin gwajin jini da kuɗin mota zuwa asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da samar da sanduna da kujerun bayan gida, da horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye su gane rumatoyid da wuri su tura majinyaci gaba. Abin da za a wallafa a intanet shi ne lissafin shiga da fita na kowane wata, fuskokin majinyata kuma su zauna a gidajensu.

Mai bayarwa yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗinsa za su je, da wanda zai duba lissafinsu, da abin da zai faru da majinyaci bayan wata shida, kuma yin wannan tambaya cikar sadaka ce, domin amana tana cikin sharuɗɗan alheri. Al'ummar da ke son taimakon tsofaffinta da gaske dole ta koyi bayarwa kaɗan-kaɗan ba tare da yankewa ba, ta kuma tsaya kan hukuma har sai ta sauke abin da doka ta ɗora mata.