Masu Zuwa Santambul, Ku Ɗaga Kai Ku Dubi Rufin Kasuwa

Jama'a, zuwa Santambul ya zama yayi. A da in ka ji an ce wane ya haye, to, ko Makka ko Ingila. Yanzu kuwa sai ka ji Alhaji ya tafi Turkiyya hutun kwana huɗu, Hajiya ta bi bayansa, an komo da akwati shida. Ka tambaye su me suka gano, sai a buɗe maka akwati: ga abaya, ga takalma, ga turare, ga darduma. Ka ce, ban da wannan fa? Shiru.

Mu ma mun je, kwana huɗu, ba da kuɗin gwamnati ba, ba kuma da na jam'iyya ba, kada wani ya yi mana ƙazafi. Adashi muka zuba har shekara biyu. Kuma ba mu zargi mai saye ba, gama mu ma mun saya. Unguwar Laleli, inda 'yan sari su ke, cike ta ke da mutanenmu, ga kantunan sutura jere, ga masu ɗaure kaya su aiko maka har gida. Wanda ya je neman abincinsa Allah ya ba da sa'a. Abin da ya dame mu shi ne mutum ya ƙare kwanakinsa duka a Laleli, alhali zango guda ne a jirgin ƙasan cikin gari tsakaninsa da wata kasuwa wadda ko wane ɗan kasuwa na ƙasar Hausa ya kamata ya gani da idonsa.

Turkawa suna ce mata Kapali Carshi, watau Rufaffiyar Kasuwa. Sa'ad da mu ke makarantar mishan an sa mu haddace shekarar 1453, wai ran da birnin Kustantiniyya ya faɗi, aka ba mu maki a kai, amma ba wanda ya gaya mana abin da Sarkin Musulmi Muhammadu na biyu ya yi bayan ya ci garin. Ashe bai daɗe ba ya sa hannu a ginin kasuwa, wajen 1455, aka gama ɗakin tsakiya wajen 1461. To, ku lura da wannan: Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano a 1463, a zamaninsa ne kuwa aka kafa Kasuwar Kurmi. Kun ga ke nan kasuwannin nan biyu tsara ne, kusan tare suka yi rarrafe.

Yau Rufaffiyar Kasuwa tana da titi 61 da kanti wajen 4,000, duka a ƙarƙashin rufi na tubali da dutse. Ruwan sama ba ya taɓa kayan kowa. Da dare a rufe ƙofofi, masu gadi su kwana. A zamanin da, ɗakin tsakiyan nan shi ne ma'ajin attajirai, can su kan ba da ajiyar zinariya da takardunsu. Tituna kuma sunan masu sana'a suka ci, na masu madubi, na masu silifa, na masu hular gashi, kamar dai yadda mu ke cewa 'yan goro ko 'yan tabarmi, ko da ya ke titin masu hular yanzu zinariya a ke sayarwa a cikinsa.

Kada ku ce ai su Allah ya tsare su daga masifa. Wuta ta ci kasuwar nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tun tana rumfunan katako, shi ya sa ma aka koma tubali. Girgizar ƙasa ta rushe wani sashe nata a 1894. Gobara ta sāke cinta a 1954, aka yi shekara biyar ana gyara. Ko wane karo sai a tashe ta da ƙarfin da ya fi na da. Mu fa? Wanda ya ga tokar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san amsa, haka wanda ya taɓa kwashe kayansa a ka yana gudun ambaliya cikin damina.

Ga kuma abin da ya fi ba mu mamaki, shi ne inda kuɗin haya ya ke zuwa. Sarkin da ya gina kasuwar wakafi ya yi da ita, aka rubuta cewa kuɗin kantunan na hidimar masallacin Ayasofiya ne. Haka Kasuwar Masar da ke bakin ruwa a Eminonu, inda a ke sayar da kayan yaji da alewa, an gina ta cikin shekarun 1660 domin hayarta ta riƙe masallacin da ke gefenta. Ku hau tudu zuwa masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya gina daga 1550 zuwa 1557, ku zaga bayansa. Za ku ga makarantu, da asibiti, da masaukin baƙi, da ɗakin girki inda a da a ke ciyad da almajiri da matalauci kyauta, duka da kuɗin wakafi. Ba mu ce sarakunan Turkawa waliyyai ba ne. Jikokinsu sun gina fadar Dolmabace, aka gama a 1856 lokacin da ƙasar ta fara cin bashin Turawa, a 1875 suka kasa biya, a 1881 masu bin bashi suka zauna a kan harajin ƙasar. Wannan fadar ma a je a gani, akwai darasi, musamman ga manyanmu masu zuwa da kuɗin jama'a. Amma dai ɗan kasuwan wancan zamani in ya biya haya, yana iya nuna maka da yatsa ginin da kuɗinsa ya riƙe. Kai da a ke yanka wa rasit ko wace safiya, nuna mana naka.

Ga mai niyya, ga kaɗan daga abin da muka koya da aljihunmu. Rufaffiyar Kasuwa ba ta ci ran Lahadi. Fadar Topkapi, inda a ke ajiye da alkyabba da takubban da a ke dangantawa da Manzon Allah (SAW), a rufe ta ke ran Talata, mu kuwa Talatar muka je muka komo da haushi. Ayasofiya, wadda aka gama a shekarar 537 tana coci, ta zama masallaci a 1453, ta zama gidan tarihi a zamanin Ataturk, ta koma masallaci a 2020. Ku tsallaka kuma zuwa Uskudar a jirgin ruwan haya, minti kaɗan ne, kun bar Turai kun shiga Asiya da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba.

Ciniki kuwa ba sai mun koya wa Bahaushe ba. Za a zaunar da kai, a kawo shayi a ɗan ƙaramin kofi, a kira ka ɗan'uwa, a shimfiɗa darduma goma. Sha shayinka, ba bashi ba ne. Taya kamar yadda ka ke tayawa a gida, in bai sallama ba ka miƙe, gaba akwai irinta. Amma a yi hankali da wanda ya tare ka a hanya ya ce zai raka ka kantin ƙanensa, ladansa a cikin kuɗinka za a cire. Mu da kanmu an sayar mana da wani jan fure a kan zafaran ne mai araha, muka kawo gida da murna, uwargida ta jiƙa ta ce wannan ko ƙanshi babu.

Saboda haka muna roƙon duk ɗan'uwa mai tafiya bana, cikin kwana huɗun nan ya ware wuni guda ya bar akwati a masauki. Ya shiga ta ƙofar Beyazit, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ɗauko hotonsa. In ya komo ya kawo hoton taron 'yan kasuwar layinsu, a aza shi a tebur tare da rasit ɗin kuɗin rumfa na shekara guda, sa'an nan a aika a kira mai karɓa.