Yoga da Hawan Jini: Taimako Ne, Ba Madadin Magani Ba

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata cuta da ke cin iyayenmu a ɓoye daga Kankiya har Kusada, watau hawan jini. Ba ta sallama, ba ta zuwa da zazzaɓi, sai dai a wayi gari a ji wane ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, ko kuwa ƙodarsa ta gaza. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum wajen biliyan 1.3 ke da ita, kusan rabinsu kuwa ba su sani ba. Likitoci na cewa jini ya hau idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90.

To, ga shi yanzu waɗansunmu sun fara kawo labarin yoga gida. Yoga dai hanya ce ta miƙar jiki da sarrafa numfashi da natsuwa, asalinta daga Indiya. Ta yaɗu har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni a 2014. Tun 1975 wata likita, Chandra Patel, ta buga sakamakon gwajinta a Ingila, inda jinin marasa lafiya ya sauka bayan an koya musu sakin jiki irin na yoga. Dalili kuwa shi ne, numfashi a hankali yana lafar da jijiyoyin da ke gaggauta bugun zuciya su matse hanyoyin jini.

Ra'ayinmu shi ne a karɓi abin, amma a san matsayinsa. Saukin da yoga ke kawowa kaɗan ne, ba ya kai wa ga a jefar da ƙwayar da likita ya rubuta. Duk ɗalibin da ya sa tsohonsa ya bar magani saboda ya koya masa jan numfashi, lalle ya ɗauki alhaki. Haka nan mai hawan jini ya guji tsayuwa bisa kai da riƙe numfashi, domin suna iya ƙara hawan.

Mun san akwai masu ƙyamarta saboda tushenta a addinin Hindu, kuma damuwarsu abar saurare ce. Amma miƙa gaɓoɓi da numfashi a tsanake ba ibada ba ne. Mu bar musu kirare-kirarensu, mu ɗauki abin da ke amfanin jiki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamai, ko ya riƙi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako.

Saboda haka idan an yi hutu, mu fara da kai iyayenmu Babban Asibitin Kankiya ko ɗakin shan magani mafi kusa a auna su. Mu roƙi iyayenmu mata su rage gishiri da dunƙule a miya, domin bai kamata gishirin yini ya kai giram 5 ba. Sa'an nan a shimfiɗa tabarma da sanyin safiya. Muna kuma kira ga ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya su shige mana gaba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya, amin.