Mu Leƙa Mora, Mu Ga Daular Mandara

 

Mu Hausawan Garwa ba a koya mana tafiya. Kowane mako motocinmu na kan hanyar Marwa da Kusiri, wannan da goro, wancan da atamfa. Amma da za a tsayar da ɗayanmu a tashar Mora a tambaye shi labarin dutsen da ke bayan gari, sai dai ya ce ai dutse ne. Yaranmu kuwa a aji suna iya lissafo sarakunan Faransa, alhali ba su san an yi wata daula a gindin waɗannan duwatsu ba, wadda har gobe sarkinta na zaune a Mora.

Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai, daga can zuwa Mora kuma kimanin 60. Wanda zai je ya daidaita da ranar Lahadi, don ita ce ranar kasuwa, ranar da mutanen kan dutse ke saukowa su haɗu da Barebari da Shuwa da Fulani da 'yan uwanmu. Masu garin su ne Wandala, waɗanda muke kira Mandara. Tun farko hedkwatarsu tana Kerawa, suka koma Dulo, daga baya Mora. Sun karɓi Musulunci a farkon ƙarni na 18, zamanin Mai Bukar Aji. Ƙaramar daula ce a tsakanin manya: Borno ta kai mata yaƙi tun zamanin Mai Idris Aloma, Modibbo Adama ya shiga Dulo a 1809, mayaƙan Rabe kuma suka rushe garin a ƙarshen ƙarni na 19. Duk sa'ad da aka matsa musu, dutse suke hawa, in ƙura ta lafa su sauko.

Bature ma ya gane wannan dabara. A yaƙin duniya na farko Garwa ta faɗi hannun Ingilishi da Faransawa a watan Yuni na 1915, amma Kyaftin von Raben na Jamus, da soja kimanin 200, ya maƙale a kan dutsen Mora tun 1914, bai sauko ba sai ranar 18 ga Fabrairu, 1916. Shi ne sansanin Jamus na ƙarshe da ya miƙa wuya a Kamaru. Malamin tarihi da ya tsaya da ɗalibansa a gindin dutsen nan ya huta da dogon bayani a kan allo.

To, amma inda muka fi so mai karatu ya daɗe shi ne Ujila, kilomita 11 ko makamancin haka daga Mora, inda gidan sarkin Podoko yake a ƙoƙuwar dutse. Tun daga hanya za ka ga gonaki hawa-hawa kamar matakala, kowace an tokare ta da jeren duwatsu, ba laka ba siminti, don kada ruwan sama ya tafi da ƙasa. A nan suke noma dawa da gero da wake, a wurin da manomin fadama zai rantse ko ƙaya ba ta fitowa. A cikin gidan kowace mata da ɗakinta da madafinta da rumbunanta, ƙaburburan sarakunan da suka shuɗe kuma suna nan cikin gida. Mu tambayi kanmu, me ya kai mutum noma a kan dutse ga fili shimfiɗe a ƙasa? Farautar bayi ce babban dalili. Dawakin Mandara da na Borno da na Fulani sun daɗe suna kamun mutanen nan, fatake kuma suna saye, kuma ba za mu ce babu namu a cikin fataken ba. Saboda haka wanda ya hau Ujila ya bar kalmar "kirdi" da ta "arna" a gindin dutse. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar nan mun san zafin sunan da ba kai ka raɗa wa kanka ba.

Akwai wata ƙaramar masarauta ta mabiya addinin Buda can a duwatsun Himalaya, tsakanin Indiya da Sin, ana ce mata Butan, babban birninta Timpu. Jama'arta ba su kai miliyan ɗaya ba. Ba su buɗe wa masu yawon buɗe ido ƙofa ba sai 1974, kuma tun daga 2023 baƙon da ya zo daga ƙasashen nesa yana biyan dalar Amurka 100 a kan kowane kwana, kuɗin na taimaka wa asibiti da makaranta. Mai shiga fadarsu sai ya rufe jikinsa, cikin ɗakin ibada kuma ba a ɗaukar hoto. Wato mai gida ne ke gindaya sharaɗi. A Ujila kuwa, a shekarun da Turawa ke tururuwa, baƙo ne ke miƙa 'yan kuɗinsa a fito da matan sarki su yi masa rawar lauje, ya ɗauki hoto ya wuce. Ba mu ce a sa wa kowa dala 100 ba, don wa ke da ita? Amma sallama, da neman izini kafin a ɗaga kyamara, da ɗaukar ɗan garin ya yi jagora a biya shi haƙƙinsa, waɗannan ba su fi ƙarfin kowa ba.

Tun daga 2014 hare-haren Boko Haram a Kolofata da Kerawa da Amcide suka kore baƙi, har yanzu kuma ƙauyukan bakin iyaka ba su gama samun natsuwa ba. Shugaban makarantar da ke son kai yara sai ya fara tuntuɓar hukuma da jandarmomi, a tafi da rana a dawo da rana. In an hana Mora, a bi ta Mokolo a nufi Koza, inda kufayen dutse na Diy-Gid-Biy suke, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihi na duniya a watan Yuli na 2025. Su ma tsofaffin gine-gine ne na zallar dutse, masu lungu da matakala.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.